Sigmar Injiniya Barau

Duk wanda ya bi ta layin masu buga takardu na Samaru ya ga allon shagon Barau, ko yana so ko ba ya so. Shagon kansa ɗan tsukuku ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Amma allon da ke samansa ya ninka shagon tsawo, don Barau ya hana mai fenti karya rubutun. A layi ɗaya aka zuba shi: Injiniya Barau, Masanin Kwamfuta, Gwanin Buga Kundin Digiri, Likitan Firinta, Mai Ba Farfesoshi Shawara. Allon ya wuce kan shagonsa, ya haye rumfar Iya Modupe mai sayar da amala, tuwon Yarabawa, har kalmomin ƙarshe suka tsaya daidai saman tukunyar miyarta.

"Malam Barau, mutane fa suna zuwa suna tambayata ko ni ce mai ba farfesoshi shawara," in ji Iya Modupe, wadda aka haifa a Sabon Gari kuma bakinta ya fi wuƙarta kaifi.

"Ki ce musu ke ce, ki ƙara ciniki. Sunana dai ba ya shiga layi biyu."

Injiniyancin nan ba wata makaranta ce ta ba shi ba. Ya taɓa kwance wata firinta don ya ciro takardar da ta maƙale, ya mayar da ita ya bar noti biyar a waje, firintar ta ci gaba da aiki don Allah ya rufa masa asiri. Tun ranar ya sa aka ƙara wa allo tsawo.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai. Ɗaliban tarihi suna kawo masa aiki, na Hausa suna kawowa, na aikin gona suna kawowa, amma ɗaliban sashen lissafi ko kallon shagonsa ba sa yi. Su da kansu suke buga abinsu, wai alamominsu sun fi ƙarfin masu shago. Barau ya ɗauki wannan a matsayin zagi. Ya sha alwashi a gaban masu cin amala cewa kundin lissafi ɗaya kawai yake so ya faɗo hannunsa, daga nan sashen gaba ɗaya zai dawo yana layi a ƙofarsa, har sai ya sa an kawo benci.

Sai ga kundin ya faɗo, kuma daga cikin gida. Naila matar Muhammad Auwal ce, ɗan baffan Barau. Tana koyar da lissafi a wata sakandare a Zabi, tana kuma digiri na biyu a jami'a, shekara da shekaru tana fama tsakanin aji da gida da ɗakin karatu. Ana saura kwanaki kaɗan ta kare kundinta, kwamfutarta ta mutu, ta tafi da babi na huɗu, wanda shi ne zuciyar aikin. Ta zauna ta sake rubuta shi da biro. Baƙon farfesan da zai duba aikin daga wata jami'a yake zuwa, sau ɗaya a shekara, kuma dole ya tarar da kundin a buge, a ɗinke, a kan tebur. In ya tafi bai sa hannu ba, sai baɗi, ga shi makarantarta ta riga ta ce ba za ta ƙara ɗaga mata ƙafa ba.

Naila ta so ta ari kwamfutar wata abokiyar karatunta. Surukarta, wadda duk gidan ke kira Gwaggo, ta ji labari ta ce ba a gidanta ba, ba za a kai aiki waje ga ɗan uwa da shago ba, so ake a ce ana ƙyashinsa? Haka Naila ta ɗauko takardunta ta zo Samaru ranta ba daɗi.

"Yaya Barau, ka ga wannan alamar?" Ta nuna wata aba mai kama da harafin M da aka kwantar a kan gefensa. "Sigma ke nan, ma'anarta a tara. Ƙaramin rubutun nan na ƙarƙashinta shi ke faɗin abin da za a tara, daga ina zuwa ina, a tsallake me. A babin nan sharuɗɗan suna da tsawo, wani wurin uku, wani wurin huɗu. In ka jera su a layi ɗaya za su ture sauran lissafin ya fita daga takarda. Sai ka ɗora su, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, kamar yadda na yi da biro. Shi ke nan abin da nake roƙonka."

Barau ya ƙura wa takardar ido. Ya san inda sigma take a kwamfutarsa, ya taɓa cin karo da ita yana neman wani abu daban. Yadda ake ɗora rubutu bisa rubutu a ƙarƙashinta kuwa, ko a mafarki bai taɓa gani ba. Mai hankali sai ya ce ban sani ba, nuna mini. Barau ya yi murmushi, ya tura hula gaba.

"Wannan ai tsohon yayi ne, Amarya. Ɗora rubutu kamar ana jera buhun masara? A waje an daina. Yanzu layi ɗaya ake yi, santal."

"A wane wajen?"

"Waje dai. Ƙasashen da suka ci gaba."

"To ka bar ni in zauna in yi da kaina, ba zai ɗauke ni lokaci ba."

"Ba mai taɓa kwamfutar nan sai ni. Ta san hannuna. Ke dai je ki yi ta bitarki, ki zo ki karɓi littafi."

Tana fita ya zauna ya fara. Sigmar farko ta zauna lafiya. Ya jera mata sharuɗɗanta huɗu a layi ɗaya, sai ta koma tsakiyar shafi tana shawagi ita kaɗai, fili a hagunta, fili a damanta, sauran lissafin kuma ya yi gaba ya fice ta gefen dama. Ya buga a firinta, takarda ta fito da rabin lissafi. Ya sake bugawa, ta sake fitowa haka. Ya daki firintar da tafin hannu, ya hura mata iska, ya sake bugawa.

Iya Modupe ta leƙo da ludayi a hannu. "Likita, mara lafiyar taka ce?"

"Takardun yanzu ne ba su da faɗi. Kamfanoni suna rage musu gefe a ɓoye."

"Ai kuwa takardar yarinyar nan ma irinta ce, kuma komai ya shiga."

"Iya, in na zo ina koya miki yadda ake tuƙa amala, sai ki koya mini lissafi."

Dabara ta biyu ita ce ya rage girman rubutun. Ya rage, bai shiga ba. Ya ƙara ragewa, saura kaɗan. Ya ƙara, ya shiga. Ya buga ya fito da takardar bakin titi yana ɗaga ta sama, yana kiran masu fotokwafi su zo su ga aiki. Suka zo suka duba. A ƙarƙashin sigma akwai wani siririn layi na ɗige-ɗige baƙaƙe. Wani ya sa farce ya kankara, yana cewa ƙuda ya ɓata masa aiki.

"Kai, cire hannunka, sharuɗɗa ne."

"Me aka rubuta?"

Barau ya kai takardar kusa da hancinsa, ya nisanta ta, ya karkata ta wajen rana. Ya aika aka aro masa gilashin mai gyaran agogo, ya maƙala a ido, ya yi ta leƙe.

"Ana gani sarai," ya ce.

"To karanta mana," in ji Iya Modupe.

"Ba za ku gane ba ko na karanta."

"A ba farfesan gilashin agogo shi ma, ka sa a cikin littafin."

Aka watse ana dariya. Barau ya koma ciki ya yayyage takardar a inda ba mai ganinsa.

Washegari da la'asar Naila ta biyo daga makaranta. Barau na hango ta ya kifa takardun, ya zauna a kansu.

"Yaya Barau, in ga ko shafi ɗaya."

"Ba a ganin aikina sai ya kammala. Ƙa'idar shago ce."

"Ka dai ɗora su ko?"

"Na yi abin da ya fi ɗorawa."

"Don Allah, Yaya. Shekaruna ne a cikin takardun nan."

"Shi ya sa suke hannun injiniya. Ko in kira Gwaggo in gaya mata ba ki yarda da ni ba?"

Naila ta juya ta fito daga shagon. Iya Modupe ta zuba mata ruwan sanyi ba tare da ta tambaya ba, ta ce mata, "'Yata, in kina da wata hanya, ki bi." Naila ta ce ba ta da ita, don takardunta na biro ma suna ƙarƙashin Barau.

A ranar ne babbar dabara ta zo masa, har ya miƙe tsaye ya buge kai da fanka. In layi ya fi takarda tsawo, ai sai a ƙara wa takarda tsawo. Zai buga kan lissafin a shafi, ya buga wutsiyarsa a wata takarda, ya yanke ta siririya, ya manna a gefe da gam, ya naɗe ta ciki. Mai karatu ya zo wurin sai ya warware. Saura matsala ɗaya: sigmar kwamfuta 'yar ƙarama ce, ta yi wa dogon layin kaɗan, kamar an ɗora wa ƙato hular jariri. To a yi mata babba. Zai bar gurbinta fari a kowane shafi, ya sa a sassaƙa masa hatimin sigma mai faɗin tafin hannu, ya bi yana bugawa.

Da safe ya hau bas zuwa Sabon Gari, ya sauka PZ, ya nufi teburin Martins mai sassaƙa hatimi. Barau ya taɓa jin cewa rubutun jikin hatimi a juye yake. Saboda haka tun a shago ya zana sigmarsa a juye, bakinta na kallon hagu, don ya nuna wa mai sassaƙa cewa ba da baƙo yake magana ba.

Martins ya karɓi zanen ya duba. "Oga, haka kake so ya fito a takarda?"

"Me ka gani a hannunka?"

"Na ga abu. Amma mu nan, abin da aka kawo mana shi muke juyawa a kan roba, don in an buga ya fito daidai yadda aka kawo shi. Shi ya sa nake tambaya."

Barau bai ji komai ba sai kalmar juyawa. "Ni za ka koya wa juyawa? Na san juyawa tun kana goye. Yi aikinka, ina da farfesoshi suna jirana."

"Abeg, ba faɗa ba ne," in ji Martins. Ya ɗauki wuƙarsa ya yi aikinsa yadda ya saba yi wa kowa, ya juya abin da aka ba shi.

Barau ya dawo Samaru da hatimi da kwalbar tawada da gam da sabon almakashi. Ya shimfiɗa shafuka har kan bencin Iya Modupe, ya dangwala tawada, ya buga na farko da ƙarfi. Wata ƙatuwar sigma ta fito, baƙa wuluk, ta juya wa lissafin baya tana kallon gefen ɗinki.

Iya Modupe ta dubi shafin, ta dubi takardar Naila da ke gefe. "Ta yarinyar tana kallon tasha, taka tana kallon masallaci."

Barau ya gani. Komawa PZ yana nufin ya tsaya gaban Martins ya ce na yi kuskure, kuma a duk rayuwarsa bai taɓa furta wannan jimla ba.

"Ƙaramar sigma ce ke kallon dama," ya ce. "Babba hagu take kallo. Ai lissafi daga Larabawa ya fito, su kuwa daga dama suke farawa."

"Ashe."

"Sai ki riƙa tambaya."

Ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya yana bugawa, kwafi huɗu, ba wadda ya tsallake. Sannan ya shiga yanka da manni. Gam ya kama masa yatsu, ya kama gemu, wata wutsiya ta manne a gwiwar hannunsa ya yi ta nemanta har azahar. Babban sakamakon Naila, wanda duk kundin ya taru a kansa, shi ya fi kowanne tsawo. Sai da ya haɗa masa takarda bayan takarda. Da ya gama ya ga ɗan fili ya rage a ƙarshen wutsiyar, ya ce asara ce a bar shi haka, ya buga sunan shagonsa da cikakkun muƙamansa a wurin. Wannan kam ya naɗe ta can ciki da kyau, don kada sunansa ya goge.

Ana gobe za a kare kundi ya kwashi komai ya koma Sabon Gari wurin Mark mai ɗinkin littattafai. Mark ya ɗaga shafukan ya ga gefensu ya kumbura da naɗe-naɗe.

"Malam, in na ɗinke sai na sa a injin yanka in daidaita gefe. Naɗin nan naka a bakin takarda yake. Wuƙa za ta bi ta kansa."

"To ta bi mana. So nake gefen ya fito sumul."

"In ta yanke naɗin, abin da ka manna zai rabu da shafin. Ka bari in bar gefen ba yanka, ko ka sake naɗewa ciki."

"In kai wa farfesa littafi da gefe kamar haƙoran zarto? Gam ɗin nan na waje ne. Yanke."

Mark ya dube shi, ya dubi agogo, ya ja hannun injin. Littattafai huɗu suka fito da baƙin bango da rubutun ruwan zinariya, gefensu sumul. Barau ya rungume su bai buɗe ko ɗaya ba, wai kada iska ta shiga.

Ranar karewa ya sa farar babbar riga, ya cika aljihu ɗaya da katin shagonsa, ya sa hatimin a ɗayan don in an tambayi sirrin aikin ya nuna. Naila tana bakin ƙofar ɗakin taron tun da sassafe tana jiran littattafan. Bai iso ba sai da malamai suka fara zama. Ta miƙa hannu, ya kauce, ya wuce ya ajiye su a kan tebur da kansa, ɗaya gaban kowane malami, sannan ya nemi kujerar gaba ya zauna. Ɗakin ya cika da ɗaliban lissafi, mutanen da ya daɗe yana jira. Fankoki uku suna juyawa a sama.

Baƙon farfesan ɗan gajeren tsoho ne mara yawan magana, da kofin shayi a gabansa. Naila ta yi bayaninta a tsaye. Tsohon ya gyaɗa kai, ya jawo littafin, ya wuce babi na ɗaya, na biyu, na uku. Ya buɗe na huɗu.

Wata siririyar takarda ta zame ta faɗo kan tebur. Ya ɗaga shafi, biyu suka biyo ta. Sauran malaman suka buɗe nasu. Fanka ta samu abin yi. Kafin a ankara ɗakin ya cika da wutsiyoyin lissafi suna tashi sama suna sauka, wata a kan hular shugaban sashe, wata a cinyar wata ɗaliba, wata ta faɗa cikin shayin baƙo. Tsohon ya sa yatsu biyu ya tsamo ta, ya karanta a hankali, ya ajiye ta a gefen faranti.

"Wannan sharaɗin na wane shafi ne?"

Naila ta tsaya kamar an dasa ta. Malaminta da ya jagoranci aikin ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Tsohon ya juya littafin sama, ya juya shi ƙasa. "Wannan baƙar abar kuma mece ce? Ta yi fushi da lissafin ne ta juya masa baya?"

Ɗalibai suka fara toshe baki. Ya ci gaba da buɗawa har ya kai babban sakamako, inda wuƙar Mark ba ta kai ba. Ya ga bakin naɗi ya ja. Takarda ta biyo. Ya ƙara ja, ta ƙara biyowa, ta wuce kofin shayi, ta wuce gaban shugaban sashe, ta zubo daga bakin tebur. Wani ɗalibi ya taso ya kama mata, ya ja da baya har ya kusa taga. Tsohon ya tashi ya bi ta da ƙafa yana karantawa, ya kai ƙarshe, ya gyara tabarau.

"Injiniya Barau, Masanin Kwamfuta, Gwanin Buga Kundin Digiri, Likitan Firinta, Mai Ba Farfesoshi Shawara." Ya ɗago. "Malama Naila, shi ma a cikin abin da za a tara yake?"

Ɗakin ya fashe. Barau kuwa da ya ji sunansa a bakin farfesa sai ya miƙe, ya gyara riga, ya ɗaga hannu yana gaida jama'a.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Sabon salo ne. In an lura, ba a karya layi ko ɗaya ba."

"Na lura. Littafin aka karya. Wa ya ce ka yi haka?"

"Ai haka ake yi a waje."

"Na yi shekara ashirin a wajen. A wace unguwa?"

"Wataƙila bayan dawowarka aka fara, ranka ya daɗe."

"Ita sigmar fa?"

"Babba ce, shi ya sa. Ga ma hatimin." Ya cusa hannu a aljihu. Tun zamansa hatimin ke jingine da rigar, tawada ta ratso, ta zana masa sigma a farar shadda daidai ƙirji. Ɗaliban da suka fara yin shiru suka sake kecewa, har wani ya faɗo daga benci.

Naila ba ta yi dariya ba. Idonta ya cika da ƙwalla, tana kallon shekarunta suna yawo a ƙasa ana tattaka su. Tsohon ya dube ta, ya rufe littafin, ya ture shi gefe.

"Wannan ba zan sa masa hannu ba. Amma ina so in san ko aikin naki ne. Ga allo, rubuta mini babban sakamakon."

Ta share ido da gefen mayafi, ta ɗauki alli. Ta zana sigma daidai misali, tana kallon inda ya kamata. Ta rubuta sharaɗi na farko a ƙarƙashinta, na biyu a ƙarƙashin na farko, na uku, na huɗu. Sauran lissafin ya biyo baya ya zauna, duka bai ci rabin allon ba. Tsohon ya yi ta jefa mata tambayoyi kusan awa guda, tana amsawa, allin na ƙarewa tana ɗaukar wani. A ƙarshe ya ce aikin ya yi, littafin ne bai yi ba. Ba ya barin Zariya sai jibi. In an kawo masa babin a buge yadda yake a allon nan kafin motarsa ta tashi, zai sa hannu.

Tun kafin a tashi ɗalibai uku suka miƙo mata kwamfutocinsu. Barau ya tsaya a bakin ƙofa yana raba kati, ya rungume hannu ɗaya a ƙirji yana rufe tawada. Kowa ya karɓa, don kowa na so ya nuna wa abokansa.

Bayan kwana biyu aka ji a layin masu buga takardu cewa tsohon ya sa hannu. Barau ya fito bakin shago yana ba masu cin amala labari.

"Ni na sa ta ci. Mutumin nan ya zo da fushi, aikina ne ya sa shi dariya. Ku jira ku ga layi."

Bai rufe baki ba sai ga Naila ta sauko daga keke, bayanta wani kafinta da tsani da zarto. Iya Modupe ta riga ta janye tukunyarta gefe, da alama an gama magana tun jiya. Kafinta ya jingina tsani ya hau.

"Kai, me za ka yi? Amarya, mene ne haka?"

"Gwaggo ce ta ce in zo in yi maka godiya, Yaya Barau. Iya kuma tana son saman rumfarta."

Zarto ya shiga allon a wuri biyu. Kafinta ya sauko da guntayen, ya jera su, ya buga ƙusa, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Injiniya Barau da Masanin Kwamfuta a sama, Gwanin Buga Kundin Digiri a tsakiya, sauran a ƙasa. Allon ya zauna daidai faɗin shagon, ko ɗan yatsa bai haura ba. Masu fotokwafi suka fito suna kallo, masu cin amala suka juyo da kwanoninsu.

Barau ya ɗaga kai ya daɗe yana duba. Ya buɗe baki zai ce wani abu game da ƙasashen waje, Naila ta riga shi.

"Ka gani, Yaya? Ya shiga."